Bangaskiyar Kirista da Tallafa wa Masu Ciwon Damuwa: Nauyin da Ke Kan Ikkilisiya a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin ikkilisiya wajen kula da masu fama da ciwon damuwa, musamman a majami'un da ake sujada da harshen Hausa a Arewacin Nijeriya. Ta bi hanyoyi uku: abin da likitoci suka tabbatar game da ciwon, abin da masu bincike suka gano game da alaƙar addini da lafiyar zuciya, da kuma shaidar Littafi Mai Tsarki da tarihin ikkilisiya. Matsayar maƙalar ita ce, bangaskiya tana taimaka wa mai damuwa idan ta zo masa da zumunci da bege, tana kuma ƙara masa ciwo idan ta zo masa da zargi. Saboda haka aikin ikkilisiya ya kasu uku: ta ɗauke wa majinyaci zargi, ta zauna tare da shi tsawon jinyarsa, ta kuma raka shi wurin likita. A ƙarshe an kawo shawarwari ga makarantun tauhidi da majalisun dattawa da ƙungiyoyin zumunta.

1.0 Gabatarwa

A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023, kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a faɗin duniya. Wani rahoton hukumar na 2017 ya ƙiyasta cewa a Nijeriya kaɗai masu ciwon sun haura miliyan 7, wato kashi 3.9 cikin ɗari na al'ummar ƙasar. Hukumar ta ƙara da cewa a ƙasashe masu ƙarancin arziki, fiye da kashi 75 cikin ɗari na masu irin wannan larura ba su samun kowane irin magani. A ɗaya ɓangaren, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha bayyana cewa ƙwararrunta da ke aiki a cikin gida ba su kai 300 ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna da na Maiduguri da na Kware a jihar Sakkwato sun yi wa mafi yawan mutanen karkara nisa, ga tsadar mota, ga tsoron kada a ce an kai wane gidan mahaukata.

Wannan giɓi ne ya sa mai damuwa yakan fara ƙwanƙwasa ƙofar da ta fi kusa da shi. Ga Kirista a Kagoro ko Biliri ko Zuru ko Garkida, ƙofar nan ta gidan fasto ce, ko ta shugabar Zumuntar Mata, ko ta mai bishara na ƙauye. Abin da aka faɗa masa a wannan zaman farko yakan yanke ko zai nemi magani ko zai koma gida ya ja bakinsa ya yi shiru.

Yankin da ake magana a kai kuwa ya sha wuya. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, kuma a watan Oktoba na wannan shekara mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedikwatar ikkilisiyar da ke Kwarhi. Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai da Taraba sun binne mutane masu yawa. Rashin miji ko ɗa, gudun hijira, asarar gona da biyan kuɗin fansa duk suna cikin abubuwan da ke jefa mutum cikin wannan ciwo. Tambayar maƙalar ita ce: me ya wajaba ikkilisiya ta yi wa waɗannan mutane, kuma me ya kamata ta daina yi?

2.0 Ciwon Damuwa a Mahangar Likitoci

Kowane ɗan'adam yana shiga baƙin ciki, kuma yawanci yakan wuce da kansa. Likitoci suna kiran abu ciwon damuwa ne idan ƙuncin zuciya ko rashin jin daɗin komai ya zauna wa mutum kusan kullum har tsawon mako biyu ko fiye, ya kuma hana shi gudanar da harkokinsa. Sauran alamomin sun haɗa da rashin barci ko yawan barci, rashin cin abinci, kasala, kasa tara hankali wuri guda, ganin kai ba a bakin komai ba, ɗora wa kai laifin da bai kai ya kawo ba, da tunanin mutuwa. Ciwon ya fi yawa a tsakanin mata, kuma fiye da kashi 10 cikin ɗari na masu juna biyu da masu jego suna gamuwa da shi.

Ba sanadi ɗaya ke kawo shi ba. Akwai gado, akwai sauyin da jiki ke yi bayan haihuwa, akwai cututtuka masu daɗewa kamar ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki, akwai shaye-shaye, akwai talauci da cin zarafi da kaɗaici. Wani lokaci ma matsalar maƙoƙo ko ƙarancin jini ke kawo alamomin da suka yi kama da shi, abin da gwajin asibiti kaɗai zai iya bambancewa.

Da wuya majinyaci a wajenmu ya ce yana da ciwon damuwa. Abin da ake ji a bakinsa shi ne, "Tunani ya yi mini yawa," ko "Jikina duk ya mutu," ko "Kaina yana zafi, barci ya ƙaurace mini." A cikin majami'a kuwa maganar takan ɗauki launin ibada: "Na kasa yin addu'a," ko "Ina ji kamar Allah ya juya mini baya." Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin jin laifi da yanke ƙauna alamomin ciwon ne. Mai ibada idan ciwon ya kama shi, da kalmomin ibada zai bayyana su. Makiyayin da bai san haka ba zai ɗauki alamar ciwo a matsayin shaidar zunubi.

Ana samun sauƙi. Magunguna irin su amitriptyline da fluoxetine suna aiki, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ga tasirinsu, kuma ana ci gaba da shan su watanni shida ko fiye bayan an ji sauƙi. Jiyya ta hanyar tattaunawa mai tsari ita ma tana aiki, wani lokaci ita kaɗai ta wadatar idan ciwon bai yi tsanani ba.

3.0 Abin da Bincike Ya Nuna Game da Addini da Damuwa

A 2003, Timothy Smith da Michael McCullough da Justin Poll sun tattara sakamakon nazarce-nazarce 147 suka auna su gaba ɗaya. Sun tarar cewa masu riƙo da addini suna da ƙarancin alamomin damuwa, amma bambancin kaɗan ne, sai dai yakan ƙaru a tsakanin waɗanda ke cikin wani hali na tsanani. A 2016 kuma, Tyler VanderWeele na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun wallafa binciken da ya bi rayuwar ma'aikatan jinya mata kusan 90,000 a Amurka. Waɗanda ke halartar sujada aƙalla sau ɗaya a mako, yawan kashe kai a cikinsu ya yi ƙasa da kusan ninki biyar idan aka gwada da waɗanda ba su zuwa sam.

Dole a karanta waɗannan alƙaluma da hattara. An yi su ne a wata al'umma daban da tamu. Bugu da ƙari, alaƙar tana tafiya ta ɓangare biyu: zuwa sujada yana iya kare mutum, amma ciwon da kansa yana hana mutum fita daga ɗaki. Darasin da ke ciki ga makiyayi shi ne, wanda aka daina ganinsa a kujerarsa ranar Lahadi yana iya zama wanda ya fi kowa bukatar a neme shi.

Aikin Kenneth Pargament ne ya fi haska batun. Ya raba yadda mutane ke jingina da addini lokacin wahala gida biyu. Akwai wanda ke ganin Allah yana tare da shi, yana kuma samun goyon bayan 'yan'uwa masu bi. Akwai kuma wanda ke ganin Allah yana hukunta shi, ko ya yashe shi, ko ikkilisiya ta guje shi. Rukuni na biyu ya fi fama da damuwa, kuma a wani bincike na 2001 a kan tsofaffi marasa lafiya, an ga mace-mace sun fi yawa a cikinsu. Ke nan abin tambaya ya wuce ko mutum yana da addini. Wane irin hoton Allah aka sa masa a zuciya, kuma wa ya sa masa? Amsar tana komawa kan bagadin wa'azi da ajin makarantar Lahadi.

Wani gwaji da Harold Koenig na Jami'ar Duke ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2015, ya kwatanta jiyyar tattaunawa ta yau da kullum da wadda aka saka koyarwar addinin majinyaci a ciki. Dukansu sun rage ciwon kusan daidai wa daida. Wannan ya nuna cewa ba sai mai bi ya ajiye bangaskiyarsa a bakin ƙofar asibiti ba kafin a yi masa magani.

4.0 Shaidar Littafi Mai Tsarki da Tarihin Ikkilisiya

Ba daidai ba ne a ɗauki ma'aunin likitocin yau a ce annabi wane yana da cuta kaza. Amma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye ƙuncin bayin Allah ba, kuma ya nuna yadda aka bi da su.

4.1 Iliya

A 1 Sarakuna sura 19, bayan nasarar da ya samu a Dutsen Karmel, Iliya ya gudu daga barazanar Yezebel. Ya bar baransa a Biyasheba, ya nausa jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Abin lura shi ne jerin abubuwan da suka biyo baya. An bar shi ya yi barci. An tashe shi aka ba shi abinci da ruwa, ya sake kwanciya, aka sake ciyar da shi. Sai da ya isa Horeb aka tambaye shi abin da ke damunsa, aka kuma bar shi ya faɗi kukansa har sau biyu. Daga nan aka ba shi aiki, aka gyara masa tunaninsa na cewa shi kaɗai ya rage, aka sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka haɗa shi da Elisha. Jiki aka fara kula da shi, sannan sauraro, sannan aiki da gyaran tunani, sannan aboki. Babu inda aka tsawata masa don ya roƙi mutuwa.

4.2 Abokan Ayuba

Elifaz da Bildad da Zofar sun zauna da Ayuba kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, domin sun ga girman azabarsa. Matsala ta fara ne da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa masifa. A sura 42, Allah ya nuna fushinsa a kansu saboda ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Haka nan a Yohanna sura 9, da almajirai suka tambayi wanda ya yi zunubi har aka haifi mutum makaho, Yesu ya kawar da zargin daga kan mutumin da iyayensa. Koyarwar da ke ɗaura kowane ciwo a wuyan zunubin mai shi ta riga ta sha kaye tun a cikin Littafin.

4.3 Zabura da Getsamani

Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura waƙoƙin makoki ne. Zabura 88 ta fara da kuka ta kuma ƙare cikin duhu, ba tare da wata kalmar samun sauƙi ba, amma an bar ta a littafin sujadar jama'ar Allah. A Getsamani, Matiyu sura 26 ta nuna Yesu yana gaya wa Bitrus da 'ya'yan Zabadi biyu irin baƙin cikin da ya lulluɓe shi, yana roƙon su zauna a faɗake tare da shi. Idan Ubangijin ikkilisiya ya faɗi ƙuncinsa a fili ya nemi abokan zama, babu hujjar ɗaukar irin wannan furuci a matsayin raunin bangaskiya.

Manzo Bulus ma, a 1 Tasalonikawa 5:14, ya bambanta mutane uku: masu zaman banza, masu karayar zuciya, da raunana. Ya ware gargaɗi ga na farko, ƙarfafawa ga na biyu, taimako ga na uku. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ba wa mai karayar zuciya gargaɗin da aka tanada domin malalaci.

4.4 Tarihi

A 1530 Martin Luther, wanda shi kansa ya sha fama da ƙuncin zuciya, ya rubuta wa wani matashi mai suna Jerome Weller yana ba shi shawara ya guji kaɗaici, ya nemi mutane, ya yi raha da su. Charles Spurgeon, shahararren mai wa'azin Landan, ya shiga matsanancin hali bayan turmutsutsun da ya kashe mutum bakwai a wurin wa'azinsa a Surrey Gardens ranar 19 ga Oktoba 1856. Ciwon ya riƙa dawo masa har ƙarshen rayuwarsa, kuma ya koyar da ɗalibansa masu shirin zama fastoci game da shi a fili.

Labarin William Cowper da John Newton ya fi kowanne koyar da haƙuri. Su biyun ne suka rubuta waƙoƙin Olney da aka buga a 1779. Da ciwon ya kayar da Cowper a 1773, Newton ya ajiye shi a gidansa fiye da shekara guda. Cowper bai warke sarai ba, ya mutu a 1800 yana ganin an yashe shi, amma abotar ba ta yanke ba. Ba a auna amincin mai jinya da warkewar majinyaci.

5.0 Inda Ake Samun Tangarɗa

Tangarɗa ta farko ita ce mayar da addu'a kishiyar magani. Wani binciken ra'ayi da cibiyar LifeWay ta yi a Amurka a 2013 ya nuna cewa kashi 48 cikin ɗari na Kiristoci masu ra'ayin bishara sun yarda addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki kaɗai za su iya kawar da ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani. A wajenmu wannan ra'ayi yakan fito ta hanyar sa mutum ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya, ko a ɗora wa wanda ya riga ya daina cin abinci azumin kwanaki. Abin mamaki shi ne, ikkilisiyoyin nan su ne magadan asibitin Vom da na Wusasa da na Jankwano a Jos da na Galmi a Nijar. Ba wanda ya taɓa cewa mai ciwon sukari ya rasa bangaskiya don ya yi allura. Bulus ya kira Luka likita cikin ƙauna, ya kuma ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa.

Ta biyu ita ce jingina kowane hali ga aljanu ko sammu ko la'anar gida. Wannan yakan haifar da zargin kishiya ko suruka ko tsohuwar unguwa, ya raba dangi a daidai lokacin da majinyaci ya fi bukatarsu. A inda abin ya yi muni har ɗaure mutane ake yi. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a Nuwamba 2019, bayan ziyartar wurare 28 a Nijeriya, ya nuna ana sa wa masu taɓin hankali mari da sarƙa a cibiyoyin gwamnati da na gargajiya da na addini, na Kirista da na Musulmi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na mutunci. Ya kamata ikkilisiya ta riga doka zuwa wannan matsayi.

Ta uku ita ce amfani da aya a matsayin bulala. Ana karanta wa mutum Filibiyawa sura 4 game da farin ciki da barin damuwa, sai ya tashi da laifi biyu: ga ciwo, ga tunanin ya saɓa wa umarni. Ta huɗu kuwa tonon asiri ce da sunan roƙon addu'a, inda abin da aka faɗa wa fasto a ɗaki yake zama sanarwa a gaban jama'a.

Ta biyar ta shafi kashe kai. Sashe na 231 na kundin Penal Code da sashe na 327 na kundin Criminal Code sun sanya yunƙurin kashe kai cikin laifuffuka, abin da ya daɗe yana sa iyalai ɓoye mai bukatar taimako. Ghana ta soke irin wannan tanadi a 2023. A fannin tauhidi, Katikisim na cocin Katolika na 1992, a sakin layi na 2280 zuwa 2283, ya riƙe cewa rai na Allah ne, amma ya yarda cewa tsananin rikicewar hankali yana rage alhakin mutum, kuma ikkilisiya tana yi wa irin waɗannan addu'a. Ko da wata ɗarika ba ta bi wannan matsayi ba, babu dalilin ƙaurace wa iyalin da aka bari da makoki da kunya.

6.0 Hanyoyin Tallafi

6.1 Wa'azi da sujada

Matakin farko ba ya cin ko kwabo. Fasto ya ambaci ciwon da sunansa daga kan bagadi, ya yi wa'azi a kan Iliya a jeji da Zabura 42 da 88, ya sa masu wannan larura cikin addu'ar marasa lafiya kamar yadda ake sa mai hawan jini. Lokacin ba da shaida, a ba da wuri ga wanda zai ce Allah ya taimake shi ta hannun likita.

6.2 Ziyara mai tsari

Ikkilisiyoyinmu suna da abin da hukumomin lafiya ke kashe kuɗi su gina: Zumuntar Mata, ƙungiyar maza, matasa, mawaƙa, 'yan Sabon Rai, da taron addu'a na unguwa. Abin da ya rage shi ne horo. A Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya horar da ma'aikatan lafiya na unguwa, akasarinsu dattawan mata, su zauna da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama shida, suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. A gwajin da aka wallafa a mujallar JAMA a 2016, wanda ya ƙunshi mutum 573 a Harare, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin ɗari ne na waɗanda suka yi zaman ke da sauran alamomin ciwon, alhali a rukunin da bai yi zaman ba sun kai kusan kashi 50. Matan zumunta da suke zuwa gaisuwar haihuwa da ta rasuwa za su iya koyon irin wannan aiki, su kuma lura da mai jegon da ta daina wanka, ta daina kula da jaririnta, tana kuka ba dalili.

Mai ziyara ya riƙa sauraro fiye da magana. Ya tambayi barci da abinci. Ya zo da taimako na zahiri, kamar ɗebo ruwa, riƙe yara, ko taya noma. Ya ja mutum a hankali zuwa ƙananan ayyuka da ya saba jin daɗinsu, domin komawa ga aiki kaɗan-kaɗan yana cikin hanyoyin jiyya da aka tabbatar. Idan majinyaci ya ce ya kasa addu'a, a yi a madadinsa, kamar yadda mutum huɗu suka ɗauki shanyayye zuwa wurin Yesu a Markus sura 2.

6.3 Sanin iyaka da miƙa wa likita

Basamariyen da ke Luka sura 10 ya ɗaure raunukan mutumin da abin da ke hannunsa, ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu, ya yi alkawarin dawowa. Ya yi abin da zai iya, ya miƙa sauran ga wani, bai kuma yanke hulɗa ba. Haka ya kamata makiyayi ya yi. Idan alamomi sun wuce mako biyu, ko mutum ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyi, ko yana da tarihin kwanakin zumuɗi da rashin barci, a kai shi asibiti. Idan ya ambaci mutuwa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna wannan tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da sauran abubuwa masu haɗari daga gidan, wani ɗan'uwa ya riƙe magungunansa, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar.

Irin wannan haɗin gwiwa an gwada shi. Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci gwajin da mujallar Lancet ta wallafa a 2020, inda masu maganin gargajiya da masu addu'a a Ibadan da Kumasi suka yi aiki tare da ma'aikatan lafiya na matakin farko wajen kula da masu taɓin hankali mai tsanani, kuma majinyatan sun fi samun sauƙi. Cocin Methodist ma ta daɗe a wannan fage, ta cibiyar Amaudo da ke jihar Abiya da kuma shirin lafiyar ƙwaƙwalwa na al'umma da ta yi da gwamnatin Binuwai da ƙungiyar CBM. Jagoran mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka tsara domin ma'aikatan da ba ƙwararru ba, yana nan a shirye ga asibitocin mishan.

6.4 Makiyayi shi ma tunkiya ne

Faston da ya binne membobinsa da aka kashe, ga albashi ba ya zuwa a kan kari, ga sauyin wurin aiki, ga idon jama'a a kan iyalinsa, yana cikin haɗari kamar kowa. Sau da yawa ba shi da wanda zai faɗa wa, don tsoron kada a ce bai cancanci aikin ba. Haka matarsa. Gundumomi suna bukatar amintaccen wuri da ma'aikatansu za su kai kukansu ba tare da ya shafi matsayinsu ba.

7.0 Shawarwari da Kammalawa

Daga abin da ya gabata, maƙalar tana ba da shawarwari biyar. Na ɗaya, makarantun tauhidi irin su TCNN da ke Bukuru da JETS da ke Jos da makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa su tabbatar kowane ɗalibi ya koyi gane alamomin ciwon damuwa kafin a naɗa shi. Na biyu, kowace majami'a ta san asibiti mafi kusa da ke duba wannan larura, ta kuma ƙulla hulɗa da ma'aikatan lafiyar da ke cikin membobinta. Na uku, a ware wani kaso na baikon taimako domin kuɗin mota da na magani. Na huɗu, majalisun ɗarikoki su fitar da matsaya a rubuce da ke hana ɗaure majinyaci, da dukansa, da sa shi barin magani. Na biyar, masana su gudanar da bincike da harshen Hausa a cikin ikkilisiyoyin Arewa, domin tsare-tsarenmu su dogara da halin mutanenmu.

Galatiyawa 6:2 ta ɗora wa masu bi ɗaukar nauyin juna, ta kuma ɗaure wannan da cika shari'ar Almasihu. Ciwon damuwa yana cikin nauyin da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Ikkilisiyar da ta zargi majinyaci ta bi sawun abokan Ayuba, wadda ta ciyar da shi ta saurare shi ta raka shi asibiti ta bi tafarkin da Littafinta ya shimfiɗa. Kira ga shugabannin ikkilisiya shi ne, kowa ya koma majami'arsa ya duba su wane ne aka daina gani a sujada, a aika musu da mai ziyara a wannan makon.